Wuƙar da Na Zaɓa

"Tuɓe rigar ga shi gani," in ji Gwaggo Delu.

"Ba ni tuɓewa."

"Mi kinka ce?"

"Na ce ba ni tuɓewa, Gwaggo. Hannun mutumin ga ba shi taɓa jikina."

A tsakar gidanmu muke. Har Safiya ƙanwata, da ke ɗinki a ƙofar ɗaki, sai da ta ɗage ƙafa daga kan keke. Hantsi ne, ranar Laraba, damman hatsin da aka kwaso daga gona suna jingine da rumbu ba a kai ga zuba su ba. A ƙarƙashin rumfa wani tsoho na zaune bisa buzu, gabansa ƙoƙo cike da wani abu baƙi mai kauri kamar kwalta, an tsoma gashin kaza a ciki. Magagi ke nan, mai maganin daji. Tun da asuba aka ɗauko shi a amalanke daga wajen Imanan saboda ni.

Ku da yau kuka fara bin labarina, sunana Lailatu. Shekarata ashirin da bakwai, a Filinge aka haife ni, ina da digirin lisans, ina koyar da lissafi a Bonkuku. Saura wata biyu a ɗaura mini aure da Naziru na ji wani ƙullutu kamar goro a mamana na hagu. Na tafi Yamai, aka soka allura aka ɗebi ɗan nama, bayan kwana goma sha biyu takarda ta fito. Ciwon daji ne. Da idona na karanta, babu wanda ya fassara mini, babu wanda ya sassauta mini.

"Ka ji ta ko?" Gwaggo ta juya wajen tsohon. "Ƴar lakwal ke nan, ƴar boko. Ta buɗe ma ƙattin Yamai sun lallatsa, kai da ka yi jika da ita take jin kunya."

Gwaggo Delu yayar Baba ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, abin da ta faɗa shi ake yi. Kada ku tambaye ni ina Inna. Ni ce ƴar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta sa baki a zancena gaban mutane. Ranar nan ma tana bakin madafa tana tankaɗe, ta ba mu baya. Na ga rariyar ta tsaya a hannunta, amma ba ta juyo ba.

Magagi ya yi gyaran murya. Muryarsa a sanyaye take, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

"Ɗiyata, ban zo da hwaɗa ba. Daji ba shi son ƙarhe, kowa ya sani. Allurar da sunka soka miki can ita ta tashe shi daga barci. In anka ƙara mishi da wuƙa, watsuwa zai yi cikin jiki kamar wuta cikin kara. Nawa shahi ne kawai da gashin kaza, wata ukku. Sharaɗi guda gare ni: cikin wata ukkun ga ko allurar ɗinki kada ta kusance ki."

"Kin manta Haske?" Gwaggo ta karɓe. "Ran Litinin sunka yanke ta. Ba ta cika wata biyu ba munka rufe ta."

Haske matar ƙanin Baba ce. Duk lokacin da aka ambaci asibiti a danginmu, sunanta ake fara jawowa. Da na yi shiru a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma kun san ni.

"Ban manta ta ba, Gwaggo. Ni na yi jinyarta, ina jami'a lokacin. Shekara guda da rabi tana shahin maganin ga kahin a kai ta Yamai. Ranar da anka sa ta cikin kar, motar haya ta Yamai, sai da direba ya ce a buɗe tagogi duka." Na dubi tsohon. "Baba Magagi, ka tuna ta? Ƙoƙon ga ne, ko ka sake wani?"

Ban ga tahowar hannun ba. Zoben azurfar Gwaggo ya fasa mini leɓe, na ji gishirin jini a bakina. Ban dafe wurin ba. Na tsaya ina kallon ta har ita ta fara kau da ido.

Magagi ya rufe ƙoƙonsa da faifai. Baba ya shigo daga zaure, ashe duk yana ji. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

"Mun sa ki lakwal ki yi karatu, ba ki zagi baƙona ba. Magagi na nan gidan ga har kasuwar Lahadi. Kahin nan ki nemo hankalinki."

Na shige ɗaki na tura ƙofa. Zafin rana ya sauko ta kwanon rufi, akwatunan aurena guda huɗu suna jere a bango, an lulluɓe su da zane. Na ɗauko kayena, littafin da nake shirya darasi a ciki, na buɗe shafin da na raba biyu da bik, wato biro, tun a Yamai.

Likitar da ke duba ni, Dokta Sa'adiyya, hanya biyu ta shimfiɗa mini. Ta farko, a cire maman gaba ɗaya yanzu, har da kaluluwar hammata, in na warke a bi ni da ƙarin ruwan nan da suke kira shimiyo. Ta biyu, a fara da shimiyon, zuwa shida, duk bayan sati uku, ko Allah zai sa ƙullutun ya ƙanƙance a yanke shi shi kaɗai, a bar mini sauran, sannan a gasa wurin da na'ura. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba, ana iya shan wahalar duka a ƙarshe kuma a cire. Kowacce na bi gashina zai zube. Al'adata za ta iya ɗaukewa, ta dawo ko kada ta dawo.

Na tambaye ta wacce ta fi. Ta cire tabarau ta murza ido.

"A irin naki, in an bi su har ƙarshe, kusan ɗaya suke. Abin da ke kashe mini mata shi ne a fara a bari. Ki dubi gidanku, ki dubi hanyar Filinge, ki gaya wa kanki gaskiya. Wacce za ki iya kaiwa ƙarshe?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, ta biyun nake so. Wace mace ce ba za ta so ta ba? Na tsaya gaban madubin almuru, kabad ɗin kayana, na ɗage riga, na dafe na hagun da tafin hannu na matse shi har ya ɓace, don in ga yadda zan koma. Ban iya kai ƙirga goma ba na saki. Mamana ne. Tun ina shekara goma sha uku nake ɓoye shi cikin hijabi, ina jiran ranar da zai zama na wani, ya zama na ɗana. Yau ana ce mini in sa hannu a jefa shi a bokiti.

Salulata ta yi ƙarar shigowar saƙo. Naziru.

"Lai, me na ji kin yi wa baƙon Baba?"

"Wa ya gaya maka?"

"Duk unguwa."

"Ka tambaye su wa ya fasa mini baki?"

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge.

"Ina zuwa bayan la'asar."

Na sa doguwar rigar atamfa mai ruwan ƙasa da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na shafa hoda a kan leɓen da ya kumbura. Ku yi mini dariya in kuna so. Ina da ciwon da zai iya kashe ni, ina tsaye ina gyara ɗaurin kallabi.

Ya zo a kan moton aiki, akwatin sanyi na alluran rigakafi ɗaure a baya. Naziru ma'aikacin dabbobi ne, shi ke bin garkunan Kurfai yana yi wa shanu allura. Shekara uku muna tare. Muka tsaya a inuwar bedi a ƙofar gida, bai ko sauka daga moton ba.

"Kai ma ka yarda daji ba ya son allura?" na ce. "Kai da ka soki saniya ɗari biyu yau?"

Ya ɗan yi dariya. "Ni ban yarda ba. Hajiyarmu ce ta yarda."

"Jikin Hajiya ne?"

"Lai, saurara mana. Ki bar tsohon nan ya yi shafe-shafensa, me zai rage ki? Hankalin manya ya kwanta, a ɗaura aure, ki tare. In Allah ya ba mu ɗa guda, ni da kaina zan kai ki Yamai a yi duk abin da za a yi."

"Shekara ke nan. Ko biyu."

"Allah ke rayawa."

"Kai in ka ga ciwo a garke, shekara kake ba shi?"

"Ke ba saniya ba ce."

"Na sani. Saniya ta fi ni gata."

Ya cire hula ya share goshi. "To ki ɗauki ta biyun. Wadda ba a cirewa."

"In aka yi ta biyun kuma aka cire fa?"

Sai na ga idonsa ya sauka a ƙirjina, ya tsaya, irin kallon da yake yi wa akuya kafin ya ce wa mai ita ta yi ko ba ta yi ba.

"Na hagu ne ko?"

"Na hagu."

"Na duba hotunan a intanet, Lailatu. Na waɗanda aka yi wa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Ni namiji ne, ba zan ɓoye miki ba."

A nan, a inuwar bedin nan, lissafin ya fito mini fili. Hanya ta biyu wata biyar ce ta zuwa da dawowa. Duk zuwa sai na dawo gidan nan ina amai, gashina na bin mataji. A zuwa na biyu Gwaggo za ta tara mata ta nuna musu kaina ta ce ga aikin allura. A na uku Baba zai hana ni fita, kuma ba ni da ƙarfin da zan tsallake zaure. Wanda nake zaton zai ɗauke ni a moto ya kai ni tasha, ga shi nan hoto kaɗai ya hana shi cin tuwo. Zan ƙare a kwance a ɗakin Inna, ciwon na nan a jikina, an shafe shi da baƙin abin Magagi. Amma in an yanke, an yanke. Ko sun ɗaure ni da igiya bayan nan, ba su da yadda za su mayar da shi.

Na fiddo salula na kira Dokta Sa'adiyya a gabansa, na sa ta a sifika.

"Dokta, Lailatu ce ta Filinge. Ta farko na zaɓa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To ki zo Litinin a kwantar da ke, Talata da safe mu yi. Kada ki manta, mai jinya ɗaya, da mutum biyu da za su ba da jini."

Naziru ya mayar da hularsa. Ya taka moton sau biyu kafin ya tashi, ya tafi ko sallama babu. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo: "Na yi istihara. Ki yafe ni." Na shiga in amsa, na tarar hotonsa ya ɓace.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mata uku suka yi sallama, cikin lafaya, ƙamshin turarensu ya riga su shigowa. Babbarsu Hajiya Ummul ce, gwaggon Naziru. Na san abin da ya kawo su, ko in ce na ɗauka na sani. Kafin su gama gaisawa da Gwaggo Delu na jawo akwatunan nan huɗu da kaina na jere su a tsakar gida, don kada wata ta ce na riƙe musu ko ɗankunne. Sannan na kawo musu fura a kwanon sha, saboda a gidanmu aka yi mini tarbiyya.

Hajiya Ummul ta dubi akwatunan ta girgiza kai.

"A'a, ba mu zo amsar komi ba. Zumuncin gidajen ga ya girmi yaran ga duka. In kun yarda, a bar kaya inda suke, a bar rana yadda anka sa ta. A ba mu Safiya."

Ku da ba ƴan wajenmu ba, ana yin haka a nan. Idan mace ta rasu a ɗakin miji, iyayenta kan ba shi ƙanwarta don kada zumunci ya yanke. Bayan an share makoki ake yi. Ni kuwa ina tsaye a gabansu da ludayi a hannu.

"Hajiya, ban mutu ba tukuna."

"Subhanallahi, wa ya ce kin mutu, ɗiyata? Allah shi ba ki lahiya." Ta kurɓi furar. "Amma an ce wuƙa kinka zaɓa. Mu kuma mun ga Haske."

Gwaggo Delu ta riga ta durƙusa ta zuge akwati na biyu. Ta ture shaddodi, ta ture leshin da na zaɓa da kaina ta hoto, ta zaro rigunan mama guda shida da ke ɗaure a leda, ta ɗaga su sama kamar mai talla.

"Waɗanga dama sati mai zuwa ba su da amfani gare ki. Safiya, taho ki gwada mu gani ko sai an rage."

Ɗaya daga cikin baƙin ta rufe baki da gefen lafaya. Ba kuka take yi ba.

Safiya ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da uku, tana da kekenta da masu kawo mata ɗinki. Ni na koya mata karatun agogo. Ni nake raba mata albashina duk wata ba tare da kowa ya sani ba. Na zuba mata ido ina jiran kalma ɗaya. Ta taso a hankali, kanta a sunkuye.

"Yadda Baba ya ce," ta faɗa.

Ta tsuguna gefen akwatin. Na ga babban yatsanta yana murza bakin leshin, yadda take yi in tana auna ko yadi mai kyau ne.

Ban yi kuka a gabansu ba. Wannan kaɗai na tsira da shi ranar.

Asabar bayan azahar Baba ya aika a kira ni zaure. Na same shi shi kaɗai a kan tabarma, carbi a hannu. Cikin kwana uku ya tsufa. Kada ku zage shi a sharhi, don Allah. Baba ba mugu ba ne. Shi a zuciyarsa yanka ni za a yi, kuma yana ganin shi kaɗai ya rage tsakanina da mahauta.

"Da hannuna na sa Haske cikin rami," ya ce. "Ba ni sa ki. Ban ba mutanen ga amsa ba tukuna. In kin zamna gaban Magagi yau, in kore su, Naziru naki ne ko shi so ko shi ƙi."

"Baba, ba Naziru nike so ba yanzu. Kwana nike so."

"Kwana na hannun Allah."

"Shi ya ba likita ilimi, Baba."

"Kada ki yi mini wa'azi cikin zaurena." Ya ajiye carbin. "In kin hau kar gobe, ban yahe ma duk wanda ya bi ki daga gidan ga ba. Ban yahe ma wanda ya miƙa hannu anka ɗebi jininai don a yanka ki ba. Na hwaɗa ma ƴan uwanki, na aika ma na Yamai."

Ya san inda zai kama ni. Ni da bakina na gaya musu sharaɗin asibiti.

Na durƙusa har goshina ya kusa taɓa tabarma. "To ka sa mini albarka kawai. Ba ni roƙon komi bayan wannan."

Ya juya fuska wajen bango.

"Ba ni sa albarka bisa wuƙa."

Lahadi da safe gari ya cika da ƴan kasuwa, amalanke da raƙuma da motocin ƙauye. Na saka kaya kala uku a jaka, da takarduna, da bokiti da tabarma, kayan da mai jinya ya kamata ya ɗauka. Na tsaya a bakin madafa.

"Inna, na tahi."

Tana tuƙa tuwo. Muciyar ba ta tsaya ba.

"A sauka lahiya," ta ce, yadda ake ce wa baƙo.

Na ratsa ta kasuwar dabbobi zuwa tasha, bokiti a hannu, mata na nuna ni da baki. Na ji wata ta ce, "Ita ce wadda za a yanke." Na ɗaga kai na gaishe ta da sunanta.

Yau Litinin. A kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan, la'asar ta yi, matar da ke kusa da ni ƴaƴanta uku na yi mata fifita. Ɗazu majo, babbar nas, ta zo da takarda, ta dube ni, ta dubi bayana.

"Ina mai jinyarki?"

"Tana hanya."

"Masu jinin fa?"

"Suna hanya."

"Madam, in ba su iso ba kafin takwas na safe, wata za a sa a gadon. Akwai masu jira tun watan jiya." Ta miƙo mini takardar. "Ki sa hannu a ƙasa. A layin nan kuma ki rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru."

Na sa hannu a ƙasa. Ban sake ra'ayi ba, ba kuma zan sake ba. Amma bari in faɗa muku abin da tsayawar nan ta ci mini, don kada wata ta karanta ta ɗauka jarumta daɗi gare ta. In an yi aikin gobe, zan farka ba mama ɗaya, ba miji, ba albarkar ubana. Ran ashirin ga wata ƙanwata za ta shiga ɗakin da ni na zaɓi labulensa. Mu goma sha tara ne a gidanmu, jini ɗaya, kuma babu wanda zai ba ni leda guda.

Na bi sunayen da ke salulata daga farko har ƙarshe, sau biyu. Bik ɗin na hannuna har yanzu, layin nan babu kowa a kai.